Yatsan Rabi da Takardar da Na Ɓoye

Nana, Ibrahim, Maryama, laifin nawa ne. Na fara da wannan don kada in shiga kewaye-kewayen da na saba. Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa a gidanmu wasiƙar asibiti ce ta ɓace, shi ya sa ciwon uwarku ya yi nisa kafin a gano shi. Ni na ƙago wannan magana, na yi ta maimaita ta har na kusa yarda da ita da kaina. Babu wasiƙar da ta ɓace. Takardar farko a hannuna likita ta danƙa ta, biyun da suka biyo baya kuwa ni na ciro su daga akwatin wasiƙa da makullina. Yanzu da ƙarfina ya ja baya, ina son ku ji yadda abin ya faru daga bakina, ba don ku tausaya mini ba, sai don ku san abin da uwarku ta haɗiye.

Kun san ban yi karatu mai zurfi ba. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, sai karatun allo. Faransancin da nake ji a bakin tukwane na koye shi, a kicin ɗin gidan abincin da na yi wa wanke-wanke a Paris. Shekara tara na zauna a ƙasar nan ba takardar zama. Wanda bai yi irin wannan zaman ba, da wuya ya gane abin da yake mai da mutum. Ko hular ɗan sanda ka hango a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ka canja hanya. A fuwaye, wato gidan ma'aikata baƙi inda muke kwana mu huɗu a ɗaki, akwai wani dattijo mutumin Tahoua da muke kira Tsoho Mamman. Ya riga mu zuwa da shekaru masu yawa, don haka shi ne malaminmu a kan duk abin da ya shafi biro, wato ofis, da takarda. Yakan zauna bakin gado yana fifita shayi, yana ba mu darasi. Darasin da ya fi maimaitawa shi ne na likitan gwamnati.

"A gaban mai farar riga lafiyarka lau," in ji shi. "Ko kanka ne ya cire ka shiga da shi a hannu, ka ce musu hula ce."

Mukan yi dariya, amma mun riƙe maganar. Yakan ba da labarin wani da ya yi tari sau ɗaya a gaban likita, aka sa shi a jirgi aka mayar da shi gida. Babu ɗayanmu da ya taɓa ganin mutumin nan ko ya san sunan garinsu, amma duk mun yi imani da shi. Allah ya jiƙan Tsoho Mamman, bai nufe mu da sharri ba. Tsoronsa ya raba mana, ni kuma na ɗauki rabona na kai gidana.

Da na samu takarda, na samu gida a unguwar Beaudottes da ke Sevran, kusa da Paris, hawa na bakwai, sai na nemi izinin kawo iyali. An daɗe ana kai da komo kafin a amince. Rabi, uwarku, ta sauka a farkon sanyi, riƙe da hannun Nana mai shekara shida. Ibrahim da Maryama, ku ba a haife ku ba tukuna.

Tun a Tasawa uwarku take kukan yatsa, wanda ke bin ƙarami a hannun hagu. Ba kumburi, ba rauni, ba abin da ido zai kama. Wasu suka ce karkare ne, amma karkare yakan kumbura ya yi ruwa ya fashe, wannan kuwa shekaru ya yi yadda yake. An yi rubutu, an shafa man shanu, daga baya ta gano lalle yana ɗan kwantar mata da hankali, sai ta riƙa ƙunsa shi a kai a kai har farcen ya yi baƙi ƙirin. A gida lokacin ɗari kaɗai yake matsa mata. Da ta shigo sanyin ƙasar nan sai ciwon ya zama na kullum. Ba ta iya alwala sai ta ɗumama ruwa. In ta sa hannu a firijo sai ka ji kwano ya faɗi. Wata rana a cikin jirgin ƙasan da ke kai mu Paris, jakar wani mutum ta goge mata hannu, sai ta durƙusa a tsakiyar mutane ta rungume hannun, hawaye na zuba. Ban tambaye ta yadda take ji ba. Cewa na yi ta tashi, ana kallonmu.

Ga abin da ke raina a lokacin, kuma ina jin kunyar rubuta shi. Ni ina tsoma hannuwana a ruwa tun safe har yamma, fatar ta tsage ta yi kaushi, ban taɓa kuka ba. Sai na ɗauka nata shagwaɓa ce, ko kewar gida ce ta rasa ta inda za ta fito. Na sha ce mata yatsa ɗaya bai isa ya hana mutum aikin gida ba.  Sau ɗaya kawai ta amsa mini, ta ce ji take kamar an kafa allura a ƙarƙashin farcen ana buga ta da dutse. Na ce to ta ciro allurar mu gani.

Duk wanda ya shigo ƙasar nan don zama, a wancan lokacin sai an kira shi gwajin lafiya kafin a ba shi takardar zama. Ana auna tsawo da nauyi, a duba ido, a ɗauki hoton ƙirji don neman tarin fuka, sannan a zauna da likita. Da takardar randebu, wato ta ranar ganin likita, ta zo, uwarku ta yi murna irin wadda ban gani ba tun saukarta. Ta ce an gaya mata likitocin ƙasar nan suna ganin abin da ke cikin ƙashi, ga shi Allah ya kawo ranar da za a duba mata yatsa. Ni kuwa na zaunar da ita na karanta mata darasin Tsoho Mamman. Na ce kada ta yi tari, kada ta yi atishawa, kome aka tambaya ta bar ni in amsa. Ta ce to yatsan fa. Na ce sai bayan takarda ta fito.

Likitar wata dattijuwa ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Babu tafinta, ni ne bakin uwarku, ni ne kunnenta. Likitar ta tambaya ko akwai inda ke mata ciwo. Na juya tambayar da Hausa a gajarce, ina harararta don ta tuna. Ba ta kalle ni ba. Ta ɗaga hannun hagu ta miƙa a kan tebur, ta fara bayani tun daga Tasawa: shekarun da ya yi, yadda sanyi ke tayar da shi, yadda ko bakin zane ya taɓa wurin sai ta ji har kafaɗa. Ta yi magana mai tsawo, likitar na kallon fuskarta. Da ta gama sai duk suka juyo gare ni.

Na ce da Faransanci, "Tana nuna miki lalle ne. Adon matan ƙasarmu ne, ba ciwo ba."

Likitar ta yi murmushi, ta dubi hannun, ta faɗi kalma biyu, ta koma kan takardunta. Uwarku ta ga murmushin, ita ma ta yi murmushi. Ta tambaye ni a hankali abin da aka ce.

Na ce, "Ta ce sanyi ne, zai wuce."

Daga nan likitar ta ɗaga hoton ƙirjin a gaban fitila, ta nuna mini wani tabo a saman huhun dama, bai fi kan babban yatsa ba. Ta ce yana iya zama tabon tsohon ciwo da ya warke, yana kuma iya zama tarin fuka da ke farawa, ba za a sani ba sai an yi wasu gwaje-gwaje. Ta rubuta takarda zuwa cibiyar masu kula da wannan ciwo, ta ce mu je cikin makon nan. Sau biyu ta faɗa mini cewa wannan ba zai taɓa maganar takardar zama ba, kuma ciwo ne da ake warkewa. Na ji ta sarai, ba zan ce Faransanci ya gagare ni ba. Amma a raina na ce haka suke yi, su lallaɓa ka har ka kai kanka. Na karɓi takardar na ninke na sa a aljihu. Na ce wa uwarku an ce ƙirjinta fes yake. Washegari na kai takardar wurin aiki, na tura ta ƙarƙashin takalman roba a cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye kaya.

Lissafina shi ne in ja lokaci har takardar zamanta ta fito daga ofishin baƙi na Bobigny, sannan in kai ta duk likitan da take so. An ce mana wata uku ko huɗu. Ba ta tari, tana cin abinci, sai na ga babu gaggawa. Wasiƙa ta zo daga cibiyar, na kai ta akwatin ƙarfe. Wata ta sake zuwa, ta bi ta farko. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta fara kiran wayata. Mace ce mai haƙuri, ta ce in fita ke yi mana wuya tana iya zuwa gida ta yi mana bayani. Wannan kalma ta zuwa gida ita ta firgita ni. Na ce mata matata ta yi tafiya. Da na ajiye wayar sai na ga dole in mai da ƙaryar gaskiya.

Kun san Hajiya Mariama ta Lyon, ɗiyar wan babana, wadda nake kira Yaya. Mijinta ya rasu, tana zaune a unguwar Minguettes, ta yi shekaru tana aiki a gidan kula da tsofaffi, da rana kuma tana renon jikanta mai wata takwas in uwarsa ta tafi aiki. Na kira ta na ce Rabi na fama da kaɗaici, ko za ta zo ta yi ƴan makonni a wurinta ta ga mata ƴan'uwanta. Ta ce gidanta gidan Rabi ne. Na raka su tasha, ita da Nana, na sa su a jirgi, na dawo ina ganin na yi dabara. Ban tsaya na yi tunanin cewa in tabon nan ciwo ne, gidan da ke da jariri na tura shi ba. Ko kuwa na yi tunanin na ture shi gefe. Na fi zaton na biyun.

Makonni suka wuce. In na kira, uwarku takan ce lafiya lau, sai dai ina jin tana kau da baki daga wayar tana gyaran murya. Ni na koya mata ɓoye tari, ta kuwa koya. Amma Yaya ta yi shekaru tana jin tarin tsofaffi, kunnenta ya san bambanci. Ta lura zane na yi wa Rabi yawa, ta lura matashinta na jiƙewa da gumi a tsakiyar sanyi. Ba ta nemi izinina ba. Ta sa ta gaba zuwa asibiti, ita ta yi mata tafinta. A ranar aka kwantar da ita a ɗaki ita kaɗai.

Ina cikin wanke tukwane da rana wayata ta yi ƙara. Yaya ba ta yi gaisuwar da ta saba ba, ba ta tambayi gajiya ko sanyi ba. Ta ce in hau jirgin farko.

Na same ta a barandar asibitin, da ƙyallen rufe hanci a hannunta. Ta ce likitoci sun nemi bayani daga Paris, an gaya musu an aiko wasiƙa har biyu, an kira waya. Nan take na ce akwatunan wasiƙa na benenmu a fashe suke, yara na wasa da su, kowa ya sani. Gaskiya ne a fashe suke, ban da nawa. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Lawali, takardar farko fa? Ita ma akwatin ne ya je ya karɓo daga hannun likita?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Na goya ka a bayana, ban san wawa na goya ba. Jikana zai sha magani saboda kai. Ɗiyarka za ta sha magani saboda kai. Ban gaya wa matarka maganar takardar hannu ba, ba nawa ba ne in faɗa. Shiga ka gaya mata da bakinka."

Na ɗaura ƙyallen na shiga. Uwarku na kwance, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Da ta gan ni sai ta yi ƙoƙarin tashi, ta fara ba ni haƙuri, wai ta yi iyakar yinta ta riƙe tarin amma ya fi ƙarfinta, kada dai a ce ta ɓata maganar takarda. Ita ke ba ni haƙuri. A nan ne ya kamata in faɗa. Na buɗe baki, sai na ji labarin akwatin wasiƙa ke fita. Da na fito Yaya ta dubi fuskata, ta gane, ta tofar da yawu a cikin ƙyallenta ta wuce. Ta fi shekara biyu in na kira sai ta miƙa wa wani wayar.

An gwada mu duka. Ni da na haddasa abin ba a samu kome a jikina ba. Nana, ke an samu ƙwayar cutar ta shige ki amma ba ta tashi ba, aka ɗora ki a kan magani na watanni. Jaririn ma aka ba shi na kariya, uwarsa na ɗura masa yana kuka. Uwarku ta yi mako uku a keɓe, sannan wata shida tana haɗiyar ƙwayoyi da safe kafin ta ci kome. Likita ya ce da ta zo tun ranar da aka ga tabon, da wataƙila ba ta kai ga sa wa kowa ba. Takardar zama kuwa ta fito uwarku na kwance a asibiti. Wata ma'aikaciyar asibitin ce ma ta rubuta wa Bobigny aka ɗaga ranar karɓa har ta samu sauƙi. Babu wanda ya yi maganar jirgi.

A wannan kwanciyar aka gano maganar yatsa. Akwai wani ɗan maƙali da ake matsa wa marar lafiya a kan yatsa don auna iskar da ke cikin jini. Wata safiya ma'aikaciyar jinya ta maƙala shi a kan wannan yatsan, uwarku ta ƙwalla ƙara har aka shigo da gudu. Likitan da ke zagaye ya zauna ya tambaya, Yaya ta juya masa kome yadda aka faɗa, ba ragi. Ya ɗauko abu mai ɗan tsini ya riƙa taɓa farcen wuri wuri. Ko'ina shiru, sai da ya kai wani gurbi guda kusa da gindin farcen ta fizge hannu. Ya ɗiga ruwan sanyi a wurin, ta sake fizgewa. Ya ce ta daina ƙunsa lalle a wannan yatsan, yana son ya ga launin da ke ƙasa. Lallen farce ba ya wankuwa, sai dai farcen ya tsiro ya ture shi. Da sabon farce ya fito fari bayan watanni, sai ga wani ɗan ɗigo shuɗi shuɗi a ƙarƙashinsa, daidai inda take nunawa tun a Tasawa.

Aka tura ta wurin likitan hannu, aka ɗauki hoto a cikin babban injin nan da ake shigar da mutum. Ya ce ƙari ne, ɗan tsiro da ke fitowa cikin ƙananan jijiyoyin jini na ƙarƙashin farce. Ba mugu ba ne, ba ya yaɗuwa, amma zafinsa na iya haukata mutum. Ya ce ba kasafai ake ganinsa ba, shi ya sa masu shi kan yi shekaru ana ce musu a ransu abin yake. Bayan ta gama maganin tari aka yi aikin. An yi mata allurar kashe zafi a yatsan kawai, aka ɗaga farcen aka ciro shi, a ranar ta koma gidan Yaya. Na zo Lyon don aikin. Likitan ya nuna mana abin a cikin ƴar kwalba, bai fi ƙwayar dawa ba. Uwarku ta daɗe tana kallonsa, sannan ta karɓi kwalbar ta miƙo mini.

Ta ce, "Malam, ga allurar."



Ta dawo Sevran bayan kusan shekara. Da wurin ya warke, ranar farko da ta yi alwala da ruwan famfo mai sanyi, ta tsaya tana ta juya hannun a ƙarƙashin ruwan kamar yarinya. Ni kuwa na shiga abin da na ɗauka tuba ne. Na saya mata safar hannu, na saya mata rigar sanyi mai gashi, na riƙa shiga kicin ina wanke kwanuka ba tare da an sa ni ba. Tana godiya a kan kowanne. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta rage mini abinci ko ladabi ba. Abu biyu ne kawai suka canja. Ta shiga ajin koyon Faransanci na matan unguwa, ba ta fashi ko ana ruwa. Kuma ba ta sake yarda na shiga ɗakin likita tare da ita ba. Da cikin Ibrahim, da cikin Maryama, nakan raka ta har bakin ƙofa, sai ta ce in zauna a nan in riƙe mata jaka. Farko tana shiga da wata maƙwabciya, daga baya ita kaɗai. Shekara takwas ina zaune a kujerun baranda da jakar mace a cinya, na san dalili, ina yi kamar ban sani ba.

Nana, ke kika kawo ƙarshen abin ba tare da kin sani ba. Kina aji na sakandare aka ba ki takardar gwajin lafiya, akwai wurin da ake tambayar ko mutum ya taɓa shan maganin tarin fuka. Ranar Asabar ce, muna cin abincin rana. Kika tambaya, rabi Hausa rabi Faransanci yadda kuka saba, me ya sa aka bari har kika kamu. Na ajiye cokali na fara labarin akwatin wasiƙa. Ban kai rabi ba uwarku ta tashi ta shiga kicin. Na ji ta buɗe famfo. Na ci gaba da magana, famfon na zuba, har na gama bai tsaya ba. Kika ce mutanen benen nan ba su da kirki, Ibrahim ya ce in ya girma zai kama wanda ya sace wasiƙar Mama. 

Takardun uku suna nan. Da na bar aikin gidan abinci na kwashe kayana, na same su a ƙarƙashin takalman, sun yi laushi da danshi. Ban san abin da ya hana ni jefar da su ba. Na cusa su a bayan shafin tsohon akwatin da na zo da shi daga gida. Washegari Lahadi bayan azahar kun fita wurin maƙwabta. Uwarku na zaune a falo tana tsince shinkafa. Na ɗauko takardun na ajiye a gefen tiren. Ta goge hannu, ta ɗauki ta farko, ta buɗe. Ta karanta ta da kanta, a bayyane, kalma bayan kalma, har sa hannun likitar. Ni da na taɓa zama bakinta ina tsaye ina saurare.

Ta ninke takardar yadda take. Ta ce ba yau ta sani ba. Ta ce ranar gwajin ta riƙe kalmomi biyun da likitar ta faɗa lokacin da ta dubi hannunta, ta yi ta maimaita su a zuci don ta ɗauka sunan ciwonta ne. A makon farko na ajin Faransanci malamarsu ta dubi ɗankwalinta ta faɗi kalmomin nan. Ta tambayi ta kusa da ita, aka ce mata ma'anarsu yana da kyau. Ta ce daga nan ba ta buƙaci kowa ya gaya mata sauran ba.

Na ce, "Shekara takwas kin sani, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Ni na faɗi nawa a gaban likita, Malam. Naka nake jira."

Na so in kawo Tsoho Mamman, in kawo shekara tara na ɓuya, in ce tsoron rabuwa da ku ne. Duk gaskiya ne, kuma duk sun zo mini har bakin harshe. Na haɗiye su. Ban zauna a kujera ba, na durƙusa a kan tabarma, ƙasa da inda take zaune, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu.

Na ce, "Rabi, kin gaya mini kina jin ciwo, na ce ƙarya kike. Kin gaya wa likita, na canja maganarki. An ba ni takardar lafiyarki, na ɓoye ta a ƙarƙashin takalmi. Na tura ki gidan mutane da ciwo, na bar ki kina ba ni haƙuri a kan gadon asibiti, na kuma gaya wa ƴaƴanki ƙarya a gabanki. Ba akwatin wasiƙa ba ne, ba sanyi ba ne, ni ne. Na zalunce ki. Don Allah ki yafe mini."